Audiomack, YouTube, Spotify ko rediyo: wanne zai fisshe ka a Bauchi?

Kafin mutum ya cika wayarsa da manhajojin waƙa, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ya amsa wa kansa tsakani da Allah: waƙoƙin da yake ji, maimaita su yake yi, ko kullum sabuwa yake nema? Yawancinmu 'yan maimaici ne. Za ka tarar mutum yana da waƙa talatin ko arba'in da yake ta juyawa safe da yamma, sai an yi makonni kafin wata sabuwa ta shigo ta ture ɗaya daga ciki. Mai irin wannan kunne, in har kullum daga intanet yake jawo waƙar a lokacin da zai ji ta, to abu ɗaya yake ta biya wa kuɗi ba adadi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da zaɓe, shi dai a kunna masa, ya ji muryar mai gabatarwa, a gaida mutanen Jahun da na Bakaro, a sako wadda bai yi zato ba. Waɗannan mutum biyu ba abu ɗaya suke nema ba, duk wanda ya ba su shawara iri ɗaya ya cuci ɗayansu.

Duk hanyoyin da za mu duba ba a biyan kuɗin wata, amma kowacce da inda take tatsa: wata a data, wata a caji, wata a haƙurin sauraron talla. Data ce ta fi ciwo, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin layi su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Lissafinta kuwa ba wuya. Sautin da ke zuwa ta intanet ana auna nauyinsa da kilobit a kowane sakan. In yana tafiya a kan 128, awa ɗaya na cin kusan megabayit 58. A kan 64, rabin haka, wajen 29. A kan 160, megabayit 72. Ɗauki tela a Wunti da ke buɗe shago ƙarfe takwas na safe ya rufe shida na yamma, kiɗa bai tsaya ba. A kan 128 ya ƙone megabayit 576 a yini, in ya yi kwana 26 yana aiki a wata ya doshi giga 15. Alhali waƙar minti biyar mai irin wannan nauyin ba ta cika megabayit 5 ba, waƙa arba'in ba su wuce megabayit 200 ba, kuma sau ɗaya tak za a sauke su. Bambancin mai sayen ruwan leda duk sanda ƙishi ya kama shi ne da wanda ya cika randarsa tun da safe.

Shi ya sa ga ɗan maimaici na sa Audiomack a gaba. An kafa ta a birnin New York na Amurka a 2012, ta buɗe ofis a Legas a 2020, kuma abin da ya sa ta karɓu a nan abu biyu ne. Mawaƙi na iya ɗora waƙarsa da kansa, bai biya ba, bai bi ta hannun wani kamfani ba. Don haka yaron da ya shiga wani ƙaramin situdiyo a Yelwa ko Gwallameji jiya, yau za ka iya samunsa a can, gefe ɗaya da irin su ClassiQ da B.O.C Madaki, 'yan jihar nan da suka yi suna a gambarar zamani. Sannan tana barin wanda bai biya ko sisi ba ya sauke waƙa cikin manhajar, ya ji ta ba data, fuskar waya a kashe, waya a aljihu. Mai keke Napep da ke zirga-zirga tsakanin Muda Lawal da Fadaman Mada ba ya buƙatar abin da ya wuce haka.

Sai dai a san irin saukewar. Waƙar tana zaune ne a cikin manhajar, ba ta fitowa fili inda za ka tura wa abokinka ta Xender ko ka mayar da ita kan memori. Ka goge manhajar, ko mai gyara ya wanke wayar, sun tafi, sai ka sake saukewa. Wasu waƙoƙin manyan kamfanoni an yi musu iyaka, sai mai biya ke sauke su yadda ya ga dama. Talla na nan in data a buɗe take. Kuma tunda ƙofa a buɗe take ga kowa, waƙa ɗaya za ka ga mutum biyar sun ɗora ta: ɗaya sautinta garau, ɗaya kamar daga cikin rijiya, ɗaya kuma wani DJ ya cika ta da kiran sunan kansa duk bayan rabin minti. Ka nemi shafin mawaƙin na ainihi, wanda ke da alamar tantancewa. Na 'yan kwafi ne ake wayar gari an sauke su saboda ƙorafin mai haƙƙi.

Boomplay ba sai an neme ta ba, yawanci ita ke samun mutum. Ta fara a Najeriya a 2015, kuma tana da alaƙa da Transsion, kamfanin Sin da ke ƙera Tecno da Infinix da itel, shi ya sa kana buɗe sabuwar waya kake tarar da ita a ciki. Tana da waƙoƙin Najeriya masu yawa, da na Hausa gwargwado, kuma tana kunna waƙoƙin da ke cikin wayarka ko memorinka, abin da ya sa mutane da yawa ke amfani da ita ba su ma taɓa jawo komai daga intanet ba. Inda take gajiyar da ni shi ne cunkoso: talla, labarai, sanarwa, duk a fuska ɗaya, ƙaramar waya sai ta yi ta nishi. Mai son waƙoƙin waje kuma ya sani cewa a ƙarshen 2024 kamfanin Sony Music ya janye waƙoƙinsa daga kanta. In tana cikin wayarka, ka bar ta ta zama ta biyu. Ban ga dalilin da zai sa wanda ba shi da ita ya kashe data ya sauko da ita ba, sai fa in akwai takamaiman mawaƙin da a can kawai yake.

YouTube kuwa maganarta daban ce, don ita ce rumbun waƙar Hausa, ko mun so ko mun ƙi. Mawaƙan zamani da na fina-finai can suke fara sakin sabuwar waƙa da bidiyonta. Masu bege da yabon Annabi can suke. Ƙungiyoyin mawaƙan coci da zumuntar mata masu rera waƙa da Hausa, irin waɗanda ake ji a Tafawa Balewa da Bogoro da Dass, can za ka fi samunsu. Uwa uba tsofaffin makaɗa. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma mafi yawan abin da suka bari yana kan kaset ne da faifai da ma'ajiyar gidajen rediyo. Masu sha'awa ne suka riƙa kwafowa daga tsofaffin kaset suna ɗorawa a YouTube, da hoto ɗaya tsaye a fuska, wani lokaci har da shuuu ɗin kaset ɗin. Abin da za ka samu na irin waɗannan a sauran manhajoji ɗan tsakure ne in aka gwada da na nan.

Nema a can ma sai da dabara. Masu ɗorawa ba su cika sa haruffa masu lanƙwasa ba, don haka ka gwada rubuta sunan da lanƙwasa, ka kuma gwada babu, sakamakon yakan bambanta. Kada kuma ka yarda da duk abin da aka rubuta wa "sabuwar waƙa" da shekarar bana a gaba. Sau da yawa waƙar shekara biyar ce aka sake wa riga don a ja masu dannawa. Duba ranar da aka ɗora, ka duba ko tashar mawaƙin ce.

To amma ga mai sauraro zalla, YouTube ta kyauta ita ce mafi tsada a cikinsu duka. Bidiyo take turowa ko kana kallo ko ba ka kallo, kuma in hoton yana kan 720p, wato mai kyau garau, awa ɗaya na iya haura giga guda. Tela yana kan keke, idonsa na kan allura, amma yana biyan kuɗin hoton da ba wanda ke kallo. Maganin wannan shi ne ka shiga saitin bidiyon ka mayar da shi 144p. Hoton zai dagule, amma sautin ba ya lalacewa yadda hoton ke yi, datar kuma ta ragu nesa ba kusa ba. Matsalar da ba ta da magani ita ce fuskar waya: kana kashe ta waƙa ta tsaya, kana fita ka duba WhatsApp haka nan, sai ga wanda ke biyan YouTube Premium, wadda ta iso Najeriya tare da YouTube Music a 2020. Ita ma YouTube Music ɗin, ta kyautar haka take a waya. Fuska kuwa ita ta fi komai shan batir. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, mutum yana kai waya wurin mai caji yana biya, wannan ma kuɗi ne, ko da ba a lissafa shi a cikin na data. Ga kuma wayar da ke kunne a aljihu, cinya na ta danne-danne, kana tsakiyar waƙar noma sai ka ji ka faɗa wani wasan barkwanci.

Talla kuma a nan ta fi rashin kunya. Waƙar minti huɗu a sa talla a farkonta, an saba. Amma kiɗan gargajiya mai minti ashirin, makaɗi ya ɗauko zuri'ar wani basarake yana jerowa, 'yan amshi sun ɗauka, sai a datse da tallar manhajar bashi ko ta cacar ƙwallo. In a shago ne ko a gida gaban iyaye ana jin bege, abin ba daɗin ji. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa, da tallar suke biyan kansu, sai dai mai kunnawa a bainar jama'a ya san ba shi ke zaɓen tallar da za ta fito ba.

Hukuncina a kan YouTube shi ne: wurin nema ce da kallo, ba wurin wuni ba. Ka shiga ka gano waƙar, ka ji ta sau ɗaya ko biyu, in ta kama ka ka duba ko tana Audiomack ka sauke.

Spotify ta Suwidin ce, ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuma wajen tsari da tsabta ba ta da na biyu. Sunan waƙa daidai, sunan mawaƙi daidai, ba kwafi biyar. Ƙarfinta na gaske shi ne iya karantar kunnen mutum: ka ji waƙa goma, ta kawo maka ta sha ɗaya da ba ka sani ba amma ta dace. Mai son kiɗan Mali, ko na Indiya, ko Afrobeats na Legas, ko na Turawa, zai ji daɗinta. Tana kuma aiki fuskar waya a kashe. Wajen data tana ba da zaɓi: mafi ƙasa kilobit 24, wanda bai kai megabayit 11 a awa ba, sai 96 mai cin kusan 43, sai 160 wanda shi ne ƙololuwar mai kyauta. A kan ƙaramar sifikar MP ta shago, da ƙarar janareta a gefe, da wuya kunne ya raba 96 da 160, don haka ba amfanin ɗaga shi. Na 24 ɗin kam ana jin ramarsa, amma a iyafis mai araha yana tafiya.

Inda ta gaza mana shi ne ba ta barin mai kyauta ya sauke waƙa. Ba sabis, ba waƙa. Shekaru da dama ma mai kyauta a waya ba ya iya zaɓen waƙar da yake so kai tsaye, sai dai a cakuɗa masa jerin, kuma sau shida kawai zai tsallake a awa. A Satumbar 2025 suka sassauta, yanzu kana iya neman waƙa ka danna ta, amma har yanzu da iyaka a yini. Waƙoƙin Hausa na zamani suna ƙaruwa a kanta, na da kuwa jefi-jefi ne. Ɗalibin jami'ar ATBU da ke samun Wi-Fi, ko ma'aikacin da ofishinsu ke da intanet, Spotify ta dace da shi. Direban da ke bin hanyar Ningi ko ta Alkaleri, inda sabis ke ɗaukewa a dawo, zai yi ta jin shiru a tsakiyar waƙa. Apple Music ba ta cikin wannan lissafi, don ba ta da ɓangaren kyauta na dindindin.

Yanzu ga mutum na biyu, wanda ke son a zaɓa masa. Rediyon intanet ba wani sabon abu ba ne illa gidan rediyo ya ɗauki abin da yake watsawa ya tura ta intanet, sai a kama shi ko'ina a duniya. Ana shiga ta shafin tashar, ko ta manhajojin da ke tara tashoshi irin su TuneIn, ko Radio Garden, wadda aka fara a ƙasar Holan a 2016. Ita wannan ta ƙarshe ko don nishaɗi ta cancanci a gwada: duniya ce a dunƙule a fuskar waya, da ɗigo-ɗigon kore, kowane ɗigo gari ne mai tasha. Ka murza da yatsa ka sauka Kano, ka murza ka haura Yamai, ka gangara Kumasi, ka tsallaka Alƙahira ko Mumbai. Mai son kiɗan Larabawa ko na Indiya zai same shi daga tushe, yadda masu shi ke jin abinsu, ba wanda wata na'ura ta tace masa ba.

Amfaninta na gaske ga wanda ya yi nisa da gida ne. Ɗan Azare da ke aiki a Fatakwal, ko ɗalibar Misau da ke karatu a Masar, in tashar da suka saba ji tana kan intanet, za su ji zaɓi-sonka, su ji sanarwar ɗaurin aure, su ji Hausar gida. Wannan ba abin da Spotify za ta iya bayarwa ba ne. Haka mazaunin Bauchi da ke son shirye-shiryen tashoshin Kano irin su Freedom Radio, ko na Kaduna, waɗanda FM ɗinsu ba ta isowa nan. Tana aiki fuska a kashe, kuma tashoshi da yawa sautinsu mara nauyi ne, don haka awa ɗaya ba ta kai ta bidiyo ci ba ko kusa.

Amma kowane minti nata data ne, ba abin da ake ajiyewa don gobe. Waƙar da ba ka so ba ka da ikon tsallake ta. Sabis ya yi rauni, ta yanke, kuma abin da ya wuce ya wuce. Tana zuwa a makare da wasu sakanni, wani lokaci har rabin minti, shi ya sa mai kiran waya cikin shiri yake jin kansa a baya ya rikice. Ɗigon da ka gani a taswira ma ba lallai ya yi magana ba, don watsawar ta dogara da wata kwamfuta da intanet a gidan rediyon, in wuta ta ɗauke ko datarsu ta ƙare sai ka ji tsit alhali suna kan iska a FM. Wasu tashoshin kuma a Facebook suke watsa shirinsu kai tsaye, wanda bidiyo ne, cin datarsa irin na YouTube. Sannan a faɗi gaskiya, gidajen rediyonmu na Arewa magana ta fi kiɗa yawa a cikinsu: siyasa, wa'azi, sanarwa, tallar maganin gargajiya mai warkar da cuta goma sha biyu. Wanda waƙa zalla ta kawo shi sai ya san lokutan shirye-shiryen kiɗa, in ba haka ba zai ƙone data yana jin muhawarar 'yan jam'iyya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum yana zaune a Kofar Ran yana kama tashar Bauchi ta intanet. Globe FM ta Rediyon Tarayya, da Albarka Radio, da gidan rediyon jiha na BRC, duk suna cikin iskar garin nan, kuma wayarsa mai yiwuwa tana da FM a ciki, wadda ba ta cin data ko ƙwaya ɗaya, ba ta kuma damu da sabis ba. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da ita. Abin da take buƙata shi ne iyafis mai waya, don igiyar ce ke zama eriya, na Bluetooth ba ya wannan aikin. Ko ba ka son sa shi a kunne, ka soka shi ka mayar da sautin kan sifika. Ƙananan wayoyi masu tocila da yawa ma ba sa buƙatar iyafis ɗin, kuma cajinsu na kwanaki. iPhone ba ta da FM, haka manyan wayoyi masu tsada da dama, abin dariya mai ƙaramar waya ya fi su a nan. Iyakar FM ita ce nisa da duwatsu: ka bar gari ka nausa wajen Toro ko Dass, sautin zai fara shashshaka har ya ɓace. A nan ne kawai kama tashar gida ta intanet ke da ma'ana, in akwai sabis.

Ba za a yi wannan magana a bar masu turi ba, don har gobe su ne manhajar mutane da yawa. Tebur ne da kwamfutar cinya da abin soka memori, sai tarin fayil-fayil da aka jera: na gargajiya, na fim, na siyasa, bege, wa'azi, karatu, Indiya. A irin wannan tebur a Wunti wani dattijo ya ciro memori daga cikin takardar da ya naɗe shi, ya miƙa wa yaron.

"Ɗana, ka sa mini na Shata da na Ɗanƙwairo. Kada ka haɗa mini da na 'yan zamanin nan."

"To Baba. Giga nawa ne memorin?"

"Oho, kai za ka duba."

"Huɗu ne, Baba, amma rabi duk bidiyon biki ne. In goge?"

"A'a, na auren jikata ne. Ka sa iya abin da ya samu wuri."

Cikin 'yan mintuna an gama, ya biya, ya soka a rediyonsa mai cin memori. Ba rajista, ba imel, ba kalmar sirri, ba talla. Ga wanda karatun boko bai dame shi ba, ko wanda ke ƙauyen da sabis sai an hau tudu, ba manhajar da ta kama ƙafar wannan. Ga mai shago ma akwai wata fa'ida: memori a cikin MP yana 'yantar da waya. Duk wanda ya taɓa haɗa wayarsa da sifika ta Bluetooth a shago ya san abin da ke faruwa in kira ya shigo, ko ya manta ya danna saƙon murya na uwargida, shago gaba ɗaya ya ji cefanen da ake jira.

Illolinsa ma sanannu ne. Akwai memorin bogi da aka rubuta wa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai waƙoƙi su fara lalacewa. Kwamfutar da ake soka ɗaruruwan memori a yini tana iya raba ƙwayar cuta. Sunayen waƙoƙi a hargitse. Kuma mawaƙin ba ya samun ko kwabo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ba ta yarda a kwafi aikin mutum a sayar ba izininsa ba, ko da yake kowa ya san yadda abin yake a kasuwa. Wanda ya damu mawaƙinsa ya samu wani abu, jin waƙar a tasharsa ta YouTube ya fi, don YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo, in tashar ta cika sharuɗɗa. A Spotify sai an ji waƙa sakan 30 ake ƙirga ta, kuma tun 2024 waƙar da ba a ji sau 1,000 a cikin wata 12 ba ba ta samun kaso. Kuɗin da ke fitowa daga mai sauraron kyauta a Najeriya ƙanƙane ne, mawaƙanmu sun fi dogaro da biki da taro da 'yan siyasa, amma ƙanƙane ya fi babu, kuma yawan masu kallo shi ke ɗaga farashin mawaƙi in an zo gayyatarsa.

Hanyar da zan ce a guje mata ita ce shafukan nan masu maɓallin saukewa guda huɗu, uku na ƙarya, da manhajojin da ake turawa a WhatsApp wai an buɗe musu komai kyauta. Ba sa cikin Play Store, ba wanda ya tantance su, kuma kana sa su suna neman izinin shiga saƙonninka da lambobinka. Wayar da ke ɗauke da manhajar banki ba wurin gwajin irin wannan ba ce.

In aka tattara, ga yadda zan raba. Mai sana'ar hannu da ke wuni a wuri ɗaya, tela ko aski ko mai shayi, ya sayi MP mai cin memori da FM, ya bar wayarsa ta huta. Matashin da ke bin sababbin waƙoƙi ya riƙe Audiomack a matsayin gida, YouTube a 144p wurin leƙe. Uwar gida da ke aiki tana son murya a kusa, FM ta ishe ta, ba ta da dalilin taɓa data. Mai neman tsofaffin makaɗa ba shi da makawa sai YouTube da masu turi. Spotify ta mai Wi-Fi ce da mai kunnen waje. Rediyon intanet kuma ta matafiyi ce da mai son jin wata ƙasa, awa ɗaya ko biyu da dare, ba wunin shago ba.

Duk wanda ya zaɓi saukewa, ya yi ta da datar dare da kamfanonin layi ke sayarwa da rahusa, ko inda ya samu Wi-Fi, ya tara na mako gaba ɗaya a zama ɗaya. Ya shiga saitin manhajar ya rage nauyin sauti, ya kuma kashe kunna bidiyo da kansa a inda akwai shi. Kafin ya hau motar Azare ko Jama'are, ya sa wayar a yanayin jirgin sama ya danna waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi, ta sauka da gaske. Wadda ta tsaya tana juyi, suna kawai ta ajiye a jerin, sai a sake sauke ta tun ana cikin gari.